Matata Ta Ce Binciken Nawa Ya Wuce Gona da Iri

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 31, akanta ne, ban karanta kimiyya a makaranta ba. Tun bara na kamu da son karanta binciken da masana ke yi kan jikin ɗan Adam, musamman ƙwaƙwalwa da abin da ke ƙara mata kaifi. Sai in kai ƙarfe biyun dare ina bin rahotanni a waya. A hankali na fara gwadawa a kaina. Yanzu kowace safiya ina haɗiyar bitamin B mai ƙarfi, da man kifi, da magungunan tsirrai biyu, ginko da ashwagandha, da wani haɗi na ƙara basira da na sayo ta intanet, ga gahawa da nake sha har yamma. Kwanan baya na samu modafinil, wani maganin hana barci, ba da takardar likita ba, ina sha duk ranar da aiki ya taru. Ina jin kaina ya buɗe sosai. Sai dai zuciyata ta fara bugawa da sauri, yatsun ƙafata kuma kamar ana tsira musu allura. Matata ta ce na wuce gona da iri, mun ma yi cacar baki da ta ji ina shirin saya wa mahaifiyata ginko saboda mantuwar da ta fara. Abokaina kuwa Dokta suke kirana, suna tambayata abin da za su sha. Malam, in bar karatun nan ne gaba ɗaya? Wallahi shi ne abin da ya fi faranta min rai yanzu.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba ka lafiya, ya ba Mama lafiya.

Kada ka bar karatun. Haɗiye-haɗiyen za ka dakatar, kuma ina so ka ga likita a cikin makon nan. Bari in fara da ƙafarka da zuciyarka, don su ne ba sa jira.

Abin da jikin baligi ke buƙata na bitamin B6 a rana bai kai miligiram 2 ba. Ɗauko kwalbar nan taka mai ƙarfi, ka juya bayanta ka duba layin B6. Irin waɗannan sau da yawa 50 ko 100 ake rubutawa, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar haɗin da ka sayo ta intanet shi ma yana ɗauke da shi. An sha cewa bitamin B ba ya taruwa a jiki, fitsari ke fitar da rarar. Maganar ba ta hau kan B6 daidai ba. Idan aka daɗe ana shan sa da yawa yakan taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma alamar farko ita ce wadda ka faɗa, tsirar allura da sagewa a yatsu. Shi ya sa a 2023 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sauke iyakar abin da baligi zai sha zuwa miligiram 12 a rana. Ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 su ma suna kawo irin wannan alama, don haka gwajin jini ne zai raba gardama.

Ranar da za ka je, zuba duk kwalaben a leda ɗaya ka tafi da su, har da modafinil. Kada kunya ta sa ka ɓoye shi, domin shi da gahawa kowannensu yana hanzarta bugun zuciya, kai kuma ka haɗa su. Idan kafin ranar ka ji ciwon ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa, ko jiri kamar za ka faɗi, ko ƙuraje suka feso maka tare da zazzaɓi da gyambon baki, to a ranar za ka tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Gahawa kuwa ka rage ta a hankali cikin mako guda ko biyu. Wanda ya saba da ita ya yanke lokaci ɗaya yakan sha ciwon kai na 'yan kwanaki.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya min a wasiƙarka, inda ka ce kana jin kanka ya buɗe. Na yarda kana jin hakan. Tambayar ita ce ko jin yana nuna gaskiyar abin da ke faruwa, kuma an gwada wannan tambayar kai tsaye. A Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, Martha Farah da abokan aikinta sun ba matasa lafiyayyu 46 ƙwayar Adderall, wani maganin ƙara mai da hankali, a wani zama, a wani zaman kuma ƙwayar bogi wadda ba komai a cikinta, ba tare da sun san wacce suka sha ba, sannan aka yi musu gwaje-gwajen tunani da riƙe abu da warware matsala. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna a dunƙule maganin bai ƙara musu wani abin a zo a gani ba. Amma da aka tambaye su, sai suka ce sun fi ƙoƙari ranar da suka sha na gaskiyar. A 2023 masu bincike a Jami'ar Melbourne da ta Cambridge suka gwada mutum 40 da magunguna uku, har da modafinil ɗinka, a kan wani lissafi mai sarƙaƙiya na zaɓar kayan da suka fi daraja a cusa cikin jakar da ba ta ɗaukar nauyi da yawa. Waɗanda suka sha magani sun ƙara himma, sun daɗe suna juya lissafin, sun gwada hanyoyi da yawa, amma ingancin abin da kowane yunƙuri ya haifar ya ragu.

Ba zan zalunci modafinil ba. Magani ne na gaske, Amurka ta amince da shi tun 1998 don masu cutar da barci ke kayar da su da rana tsaka ba shiri, kuma yana hana barci ƙwarai. Akwai ma binciken da ya ga ɗan amfaninsa a wasu ayyukan tunani. Amma hana ido rufewa daban, biyan bashin barci daban. A 2003 Hans Van Dongen da abokan aikinsa sun taƙaita barcin wasu mutane zuwa awa shida ko huɗu a kowane dare har kwana 14. Hankalinsu ya yi ta raguwa kullum, har ya kai na wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba sam. Abin tsoron shi ne, da ana tambayarsu sai su ce ɗan barci kaɗan suke ji, sun saba. Wato ƙwaƙwalwar da ta gaji ba ta iya auna gajiyarta ba.

Ka dubi kwananka da wannan idon. Kana kaiwa biyun dare kana karatu, ka tashi da sassafe. Tun daga farkawa wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa mutum jin nauyin barci, kuma barci ne ke share shi. Kafeyin da ke cikin gahawa ba ya share shi, yana toshe wurin da yake zama ne kawai na ɗan lokaci. Kafeyin kuma yakan yi kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, ka ga wanda ka sha da la'asar yana nan da sauransa lokacin kwanciya. An gwada a 2013: miligiram 400, kwatankwacin kofi huɗu na gahawa, ko da awa shida kafin kwanciya aka sha, ya rage barci da fiye da awa guda. Sai gari ya waye kana jin kai ya toshe, ka haɗiyi ƙwaya, toshewar ta ɗan saki, ka ce ƙwaya ta ƙara maka basira. Ni a ganina ramin da ka haƙa da daddare take ɗan cikewa da safe, bai ma cika ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ka ce ba ka karanta kimiyya ba, kamar kana ba da haƙuri. Ni kuwa ina ganin sana'arka ta ba ka rabin abin da ake buƙata. Da wani kamfani zai kawo maka littafin kuɗinsa ya ce ribarsa ta ƙaru, alhali a wata guda ya canja farashi, ya canja ma'aikata, ya canja mai kawo kaya, ya buɗe sabon reshe, kuma shi da kansa ya binciki kansa ya sa hannu, za ka iya faɗin wanne ne ya kawo ribar? Za ka ma yarda akwai ribar? To haka gwajin da kake yi a jikinka yake: abu shida ko bakwai a lokaci ɗaya, mai sha shi ne mai auna sakamako, ma'aunin kuma shi ne yadda ya ji. Idon oditan nan da kake zuwa da shi ofis, shi za ka riƙa buɗe rahotannin masana da shi.

Abu na farko da za ka nema a kowane rahoto: a kan wa aka yi? Mafi yawan labaran da ke cewa ganye kaza yana gyara ƙwaƙwalwa, a kan ɓeraye aka yi su, ko a kan ƙwayoyin halitta a cikin faranti. Hatta magungunan da suka tsallake wannan matakin aka fara gwada su a kan mutane, kusan tara cikin goma ba sa kaiwa kasuwa. Na biyu, kuma shi ne ya fi kayar da masu son abinci mai gina jiki: an raba mutane ne da ƙuri'a aka ba wasu abin aka hana wasu, ko kuwa an zuba ido ne kawai aka ga masu cin abu kaza sun fi lafiya? Labarin beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, ya isa darasi. An daɗe ana lura cewa masu yawan cin kayan lambu da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, kuma jininsu yana da beta-karotin da yawa. Bayanin ya yi ma'ana, masana da yawa sun gamsu. Sai aka gwada ƙwayar beta-karotin a ƙasar Finlan a kan maza masu shan taba 29,133. Da sakamakon ya fito a 1994, waɗanda aka ba ƙwayar sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwajin makamancinsa a Amurka sai da aka tsayar da shi a 1996 tun bai kai wa'adinsa ba, saboda abu ɗaya aka gani. Bitamin E ma haka: a gwajin da aka yi wa maza fiye da 35,000, rahoton 2011 ya nuna sankarar furostet, wato wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a wurin masu shan sa. Waɗannan fa ba 'yan koyo suka yi hasashen farko ba, manyan masana ne, gwaji ya ƙaryata su. Kada kuma rahoto guda ya ɗauke ka. A 2015 wata tawaga ta sake maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam da aka riga aka wallafa, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

Wannan ya kawo mu kan Mama. An gwada ginko gwaji mai kyau a Amurka: tsofaffi 3,069, miligiram 120 sau biyu a rana, kimanin shekara shida. Rahoton ya fito a 2008, kuma bai hana cutar mantuwa ba. Ga shi ana gargaɗin haɗa shi da asfirin ko maganin tsinka jini saboda tsoron zubar jini, tsofaffi kuwa su ne suka fi shan irin waɗannan. Abin da ya fi damuna ma shi ne lokacin da za a ɓata. Mantuwa a wurin dattijuwa tana iya fitowa daga ƙarancin B12, ko matsalar tayirod (gaɓar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo), ko raunin ji, ko damuwa, ko wani maganin da take sha, kuma yawancin waɗannan ana gyara su idan an gano da wuri. A nan karatunka zai yi mata amfani na gaske. Ka zauna ka rubuta yaushe abin ya fara, me take mantawa, sunaye ne ko hanya ko abin da aka faɗa mata ɗazu, waɗanne magunguna take sha, ka raka ta asibiti da takardar a hannunka. Likita zai ji daɗin ɗa irin wannan.

Shi kuwa haɗin da ka sayo ta intanet, shawarata kada ka koma masa ko bayan ka warke. A Amurka, alal misali, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nuna ƙwayarsa tana aiki kafin ya sa ta a kasuwa ba. Pieter Cohen na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun sayi iri goma na ƙwayoyin ƙara basira suka auna su, a rahotonsu na 2020 suka ce sun samu magunguna biyar da ba a amince da su a ƙasar ba, wasu ma ba a rubuta su a jikin kwalbar ba. Ashwagandha kuwa, duk da ganye ne, an samu rahotannin ya taɓa hantar wasu, Denmak ma ta hana sayar da shi a 2023. Ka gaya wa likitan kana sha, ya duba hantar tare.

Inda ƙarin sinadari yake yin abin mamaki shi ne inda jiki ya rasa shi. Ƙarancin aidin yana cikin manyan abubuwan da ke tauye basirar yara a duniya, kuma ɗan kaɗan da ake sawa a gishiri ke magance shi. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe ko B12, idan aka cike masa, yakan ji kamar an yaye masa hazo. Wanda nasa ya cika kuwa, ƙari ba ya ƙara masa komai, wani lokacin ma cutarwa yake. Sauran abubuwan da hujjarsu ta fi ƙarfi ba su da ban sha'awa, shi ya sa ba a tallar su: barci awa bakwai zuwa sama, da motsa jiki. A wani gwaji na 2011 a kan tsofaffi 120, waɗanda suka yi shekara suna tafiyar sauri sau uku a mako, sashen ƙwaƙwalwarsu da ke ajiye sabon abin da aka koya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari.

In kuwa gwaji a kanka ne ba za ka iya bari ba, to ka yi shi yadda ya dace. Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya wallafa bincikensa a 1885, shi kaɗai ne abin gwajinsa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana rubuta sau nawa ya maimaita, yana auna abin da ya rage bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Daga nan aka san yadda mantuwa ke sauri da farko sannan ta lafa, da kuma cewa rarraba bita a kan kwanaki ya fi tara ta a zama ɗaya. Har yau ana aiki da wannan, kuma bai haɗiyi komai ba. Za ka ce min ai Barry Marshall na Ostareliya ya kwankwaɗi ƙwayar cutar gyambon ciki a 1984, ya kuma samu kyautar Nobel a 2005. Haka ne, amma likita ne, an leƙa cikinsa da na'ura kafin ya sha da bayan ya sha, abu ɗaya tak ya gwada. Kuma matarsa ce ta matsa masa ya sha magani ya kawo ƙarshen abin.

To kai ma ka ɗauki abu ɗaya, mara haɗari, bayan likita ya sallame ka. Misali lokacin kwanciya, ko awar da kake daina shan gahawa. Ka rubuta abin da kake tsammani tun kafin ka fara, don kada daga baya ka gyara hasashen ya dace da sakamako. Ka auna da abin da ake ƙirgawa: kurakurai nawa aka kama a aikinka, minti nawa wani aikin da ka saba ya ɗauke ka. Ga kuma inda maiɗakinka za ta shigo. Ka sayo gahawa iri biyu, mai kafeyin da wadda aka cire wa, ita ta riƙa haɗa maka da safe bisa ƙuri'ar da ta jefa, ta rubuta a ɓoye, kai kuma ka rubuta makinka da abin da kake zaton ka sha. Bayan makonni ku buɗe takardun biyu tare. Abin da za ka koya game da kanka a nan ya fi na rahoto hamsin.

Amma kafin ka nemi ta zama abokiyar bincike, ka ba ta haƙuri. Ita ce ke ganin hasken waya a fuskarka da biyun dare, ita ke ganin kwalabe suna ƙaruwa, kuma a batun Mama ita ce da gaskiya. Ba karatunka take ƙi ba, tsoro take ji. Ka gaya mata ranar da za ka asibiti, in da hali ku tafi tare.

Sunan Dokta kuwa, na san yana da daɗi, amma ka sauke shi da kanka. Ba ka san wane ne cikin abokan nan yake da hawan jini ba, ko wa ke shan maganin damuwa, ko wa zai miƙa wa matarsa abin da ka ambata. Modafinil kaɗai yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, ka ga inda magana ɗaya a wurin hira za ta iya kaiwa. Idan sun tambaye ka me za su sha, ka ce wannan na likita ne. Idan kuwa suka turo maka bidiyon wani yana rantsuwa da wata ƙwaya, nan ne fagenka: ka nuna musu a kan ɓera aka yi ko a kan mutum, mutum nawa ne, wa ya biya kuɗin binciken.

Ta fuskar karatun kansa, ka rage bin sabbin rahotanni ɗaiɗai, ka koma tushe. Nemi littafin koyar da yadda sassan jiki ke aiki irin na ɗaliban shekarar farko, da na ilimin ƙididdiga na fannin lafiya, wanda ba zai ba akanta wahala ba. Duk abin da ya ja hankalinka, fara duba ko Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, kafin ka shiga PubMed, rumbun rahotannin binciken lafiya na intanet. Ka mai da lokacin karatun safiya ko ƙarshen mako, wayar kuma ta kwana a wajen ɗaki. Idan sakamakon gwajin jinin ya fito, ka sake rubuto min, ka haɗa da adadin B6 da ka gani a bayan kwalaben biyu.